Tiyodor Shuwan, mutumin da ya gwada dabba da tsiro

Yara, in kun shiga kasuwar Aboabo a Tamale, za ku tarar da buhunan albasa jibge a wuri guda. Can gefe kuma ga masu sayar da zabi da kaji. Albasa tsiro ce, zabo kuwa dabba ne. Ko ƙaramin yaro ya san haka. Amma a ce an yanko ɗan mitsitsi daga jikin kowannensu, wanda bai kai kan allura ba, aka ajiye muku. Yaya za ku gane na albasa, ku gane na zabo? Ido kaɗai ba ya iyawa. Sai an sa madubin likita, wato na'urar da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. A faransanci sunansa microscope.

Yau za mu karanta tarihin wani mutum da ya shafe ƙuruciyarsa yana leƙen wannan madubi. Shi ne ya nuna wa duniya cewa jikin dabba da jikin tsiro duk da irin tubali ɗaya aka gina su.

1. Ɗan maƙerin zinariya

An haifi Tiyodor Shuwan (Theodor Schwann) ran 7 ga Disamba 1810, a garin Nois (Neuss) da ke kusa da kogin Rayin, a ƙasar Jamus. Ubansa maƙerin zinariya ne, daga baya ya buɗe maɗaba'a, wato gidan buga littattafai. Dukan sana'o'in nan biyu suna son hannu mai natsuwa da ido mai lura. Tiyodor ya gaji wannan hali. Yaro ne mai kunya, marar yawan magana, mai son harhaɗa ƴan na'urori da hannunsa.

Ya yi karatu a birnin Kolon. A shekara ta 1829 ya shiga jami'ar Bon. A can ya haɗu da wani malami mai suna Yohanas Mular (Johannes Müller), masanin yadda jiki ke aiki. Shuwan ya ci gaba da koyon aikin likita a wasu garuruwa, har ya kammala a Barlin a 1834. A lokacin Mular ya riga ya koma Barlin, sai ya ɗauke shi mataimaki. Albashin kaɗan ne ƙwarai, amma akwai madubi, akwai kuma malami na gari. Shuwan ya ga wannan ya ishe shi.

2. Ƙwai da tumbi da yis

Binciken farko da ya yi a kan ƙwan kaza ne. Ya so ya san ko ɗan tsako yana bukatar iska tun yana cikin ƙwai. Ya sa waɗansu ƙwai a inda babu iskar shaƙa, ya bar waɗansu a sarari, ya ɗumama su duka. Waɗanda aka hana wa iska ba su yi nisa ba suka lalace. Ashe ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ta nan iska ke shiga. In kun ga kaza ta kwanta kan ƙwan zabi a gidanku, ku tuna cewa ƴan tsakin da ke ciki suna numfashi.

A 1836 ya juya ga tumbi. Mutane sun san akwai ruwa mai tsami a cikin ciki. Shuwan ya nuna cewa tsamin kaɗai bai isa ya narkar da nama ba, akwai wani sinadari da ke aiki tare da shi. Ya sa masa suna pepsin. Har yau da wannan suna likitoci ke kiransa.

A 1837 ya duba yis, abin nan da ke sa ƙullun burodi da na fanke su kumbura. Ya ga ƴan ƙwayoyi ƙanana suna tohowa, suna yaɗuwa. Ya ce yis abu ne mai rai, yana cin sukari, shi ya sa ƙullu ke tashi. Manyan masana sinadarai na Jamus ba su yarda ba. A 1839 mujallar biyu daga cikinsu, Libig (Liebig) da Wola (Wöhler), ta buga wani rubutu na ba'a, inda aka mai da yis wata ƴar dabba mai ban dariya. Abin ya yi wa Shuwan zafi. Sai bayan kusan shekara 20 ne Luwi Pasta (Louis Pasteur) na Faransa ya tabbatar da cewa saurayin nan shi ke da gaskiya.

3. Abin da aka sani kafinsa

Kafin mu kai ga babban aikinsa, bari mu koma baya kaɗan. A 1665 wani Bature na Ingila, Robat Huk (Robert Hooke), ya yanki ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi. Ya duba a madubi, sai ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya kira su da kalmar da ke nufin ƙaramin ɗaki. Daga wannan tushe ne kalmar faransanci cellule take. Mu a Hausa muna cewa ƙwayar halitta.

Abin da Huk ya gani bangaye ne kawai, domin ɓawon matacce ne, ɗakunan babu kowa ciki. Daga nan masana suka saba da cewa ƙwayar halitta ɗaki ce mai bango. A tsiro bangon a fili yake, kowa na ganinsa. A naman dabba kuwa, an duba, an sake dubawa, ba a ga bango ba. Ana ganin zare-zare, da dunƙule-dunƙule, da ruwa-ruwa. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka ginin dabba dabam ne, ginin tsiro dabam.

A 1831 wani masanin tsirrai, Robat Burawun (Robert Brown), ya bayyana wani ɗigo da yake gani a cikin kowace ƙwayar tsiro. Wannan ɗigo shi muke kira cibiya, a faransanci noyau. Ku riƙe sunan nan da kyau, domin shi ne mabuɗin labarinmu.

4. Hira a kan abinci

Shuwan yana da aboki a Barlin, sunansa Matiyas Shilaidin (Matthias Schleiden). Da lauya ne, ya bar aikin shari'a ya koma binciken tsirrai. Wata rana a 1837 suna cin abinci tare, Shilaidin ya shiga ba shi labarin cibiyar da yake gani a ƙwayoyin tsiro, da muhimmancinta.

Nan take Shuwan ya tuna wani abu. A kwanakin nan yana binciken talibambam, wato ɗan kwaɗo mai wutsiya, irin wanda kuke kamawa a kududdufi da damina. A bayan talibambam akwai wata igiya mai taushi, wadda ƙashin baya ke maye gurbinta in ya girma. A cikin igiyar nan Shuwan ya taɓa ganin ɗigo irin wanda abokinsa ke faɗi. Suka tashi suka tafi ɗakin bincike. Shilaidin ya leƙa madubi, ya ga lalle ɗigon ya yi kama da na tsiro.

Daga ranar Shuwan ya sake hanyar dubansa. Da bango ake nema, in ba a gan shi ba a ce babu ƙwaya. Shi kuwa ya koma neman cibiya. Duk inda ya ga cibiya, sai ya bi gefenta a hankali har ya gano iyakar ƙwayar.

Ya duba guringuntsi, ya ga ƙwayoyi. Ya duba fata, da farce, da gashin tsuntsu, da tsoka, da jijiya. Waɗansu ƙwayoyin a baje suke, waɗansu sun miƙe kamar zare, waɗansu sun sāke kama ƙwarai. In siffar babba ta rikitar da shi, sai ya koma ga ɗan tayi, ya ga yadda abin ya faro. Ko'ina amsa ɗaya ce: da ƙwayoyi aka fara. Ya kuma gane cewa ƙwan da dabba ke fitowa daga cikinsa, shi kansa ƙwaya ɗaya ce.

Shilaidin ya buga nasa bincike a kan tsirrai a 1838. Shuwan ya fitar da littafinsa a 1839, yana da shekara 28. Littafin ya yi bayanin yadda dabbobi da tsirrai suka dace a gini da girma. Ga darasin a taƙaice: kuka da kwaɗo, dawa da ɗan Adam, duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. Masana na yau sun ƙiyasta cewa jikin babban mutum yana da ƙwayoyi wajen biliyan 30,000.

5. Inda ya yi kuskure

Hausawa sun ce gwani ma yakan faɗi. Shuwan ya tambayi kansa daga ina sababbin ƙwayoyi ke fitowa. Ya zaci suna daskarewa ne daga wani ruwa na cikin jiki, kamar yadda gishiri ke fitowa in ruwan gishiri ya ƙafe, irin yadda mutanen Daboya suka san shi tun da. Bai ga haka ƙuru-ƙuru da idonsa ba, zato ne ya cike masa gurbin abin da madubinsa bai nuna ba.

Wani ɗalibin Mular, Robat Remak, ya zauna ya lura da ƙwayoyin jinin ɗan tsako da na ƙwan kwaɗo. Ya ga ƙwaya ɗaya tana tsukewa a tsakiya, ta rabu biyu. Ya bayyana haka a 1852. A 1855 Rudolf Firko (Virchow) ya yaɗa maganar: kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa. Wannan ita ce gaskiyar da ake koyarwa yau.

Ku lura da kyau. Inda Shuwan ya faɗi abin da ya gani, maganarsa ta tsaya har yau. Inda ya faɗi abin da ya zata, waɗansu sun zo sun gyara.

6. Malami a Beljiyam

Bayan ba'ar da aka yi masa, Shuwan bai samu kujerar koyarwa a Jamus ba. Jami'ar Luban (Louvain) ta ƙasar Beljiyam ta kira shi, ya tafi a 1839. A 1845 babbar ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar girma ta Copley. A 1848 ya koma jami'ar Liyej (Liège), inda ake magana da faransanci, harshen da ku ma kuke koyo. Ya koyar a can shekara 30 da ɗoriya.

Liyej ƙasar haƙar kwal ce. Wani lokaci muguwar iska takan cika rami, ta halaka ma'aikata. Shuwan ya ƙera wata na'ura da mutum zai goya, ya riƙa numfashi da ita a inda babu iska mai kyau. Mutumin da ya fara da numfashin ɗan tsako, ga shi ya zo ga numfashin masu haƙar kwal.

Shuwan mai riƙo da addininsa na Kirista ne, mai sauƙin kai. Bai yi aure ba. Ɗalibansa sun san shi da haƙuri da tsara darasi. Ya bar aiki a 1879. Ya rasu a Kolon ran 11 ga Janairu 1882, yana da shekara 71. A jikin kowannenku akwai waɗansu ƙwayoyi da ke naɗe jijiyoyin da ke kai saƙo, kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki. Shi ya fara bayyana su, shi ya sa likitocin duniya ke kiransu da sunansa.

7. Mu ma mu duba

Shuwan ya nuna mana kamar da ke tsakanin ƙwayar dabba da ta tsiro. Wanda ya san kamar, shi zai iya gane bambancin. Abu uku ne suka haɗa su. Kowace tana da cibiya. Kowace tana da ruwa mai yauƙi da ke kewaye da cibiyar. Kowace kuma tana da tantani, wato fata siririya da ta rufe ta.

Ga yadda za ku gani da idonku, tare da malaminku.

Ku ɓare albasa. A cikin kowane ɓari akwai fata siririya mai kama da leda. Ku ɗauko ƴar kaɗan, ku shimfiɗa a kan gilashi, kada ta naɗe. Ku ɗiga ruwan aidin ɗigo ɗaya, ku rufe da ƙaramin gilashi. Ku fara da ƙaramin ido na madubin. In gilashin sama yana ƙara girma sau 10, na ƙasa ma sau 10, to abin ya ƙaru sau 100 ke nan. Za ku ga ƙwayoyi dogaye, jere kamar tubalin gini, kowace da iyakarta mai kauri.

Sa'an nan kowa ya ɗauki auduga mai tsabta a kan tsinke, ya goga cikin kumatunsa a hankali. Kowa da tasa, ba a aro, kuma a jefar da ita bayan an gama. A shafa a kan wani gilashi, a ɗiga shuɗin rinin da ake kira bleu de méthylène. A duba sau 100, sa'an nan sau 400. Za ku ga ƙwayoyi a warwatse, a baje, gefensu ba a miƙe ba, kowace da cibiya mai shuɗi sosai. Ƙanana ne: in an jera wajen 20, sa'an nan su kai milimita ɗaya.

Yanzu ga bambanci uku.

Na farko, bango. Ƙwayar tsiro tana da bango mai ƙarfi a bayan tantaninta. Ƙwayar dabba ba ta da shi, tantani kawai gare ta. Shi ya sa ta albasa ke da kusurwa, ta kumatu kuwa ba ta da tsayayyar siffa. Kun san bangon nan, har kuna sa shi a jiki. Kowane silin auduga ƙwaya ɗaya ce doguwa, kuma in ta bushe kusan bangonta ne kawai ya rage. Da shi ake saƙa rigar batakari.

Na biyu, jakar ruwa. A tsakiyar ƙwayar tsiro akwai babbar jaka cike da ruwa, har takan tura cibiya gefe. In jakar ta cika, ganye ya miƙe. In ruwa ya ragu, ganye ya yi yaushi, kamar alayyafon da ya wuni a rana. A ƙwayar dabba, in ma akwai jaka, ƙanana ne ƙwarai.

Na uku, ɗigon kore. A ƙwayoyin ganye akwai ƴan ɗigo masu launin kore. Da su tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. Dabba ba ta da su, shi ya sa dole ta nemi abin da za ta ci.

A nan akwai tarko. Fatar albasar da kuka duba ba ta da ɗigon kore ko ɗaya, domin kan albasa a ƙasa yake girma, rana ba ta kai gare shi. Amma albasa tsiro ce. Saboda haka rashin kore bai isa a ce abu dabba ne ba. Ku fara neman bango tukuna. Haka kuma jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da cibiya in sun nuna, na kwaɗo kuwa suna da ita.

Na daɗe ina horar da malamai, kuma sau da yawa na ga abu ɗaya. A ba mutum fatar albasa ya duba, ya zana. Sai ya kawo zane cike da ɗigon kore, domin haka ya gani a hoton littafi. Wani kuma ya ga kumfar iska mai baƙin gefe, ya ce ga ƙwaya. Wannan shi ne kuskuren zato, irin wanda ya kama Shuwan kansa. Kai ɗalibi, ke ɗaliba, in layinku ya zo, kada ku yi gaggawa. Ku juya madubin a hankali har hoton ya fito. Ku zana abin da ke gabanku, ko da bai kai na littafi kyau ba. In ba ku ga kome ba, ku gaya wa malam ba ku gani ba, ya taimake ku ku sāke dubawa.

In makarantarku madubi ɗaya gare ta, ku bi layi, ku riƙe shi da hannu biyu, ku rufe shi saboda ƙurar hunturu. Madubin da Shuwan ya yi aiki da shi bai kai yawancin na makarantun yau kyau ba.

Kalmomi

ƙwayar halitta: la cellule
madubin likita: le microscope
cibiya: le noyau
tantani: la membrane
bango: la paroi
jakar ruwa: la vacuole
ɗigon kore: le chloroplaste
talibambam: le têtard
yis: la levure

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Shuwan, kuma a wace shekara?
2. Me ya gano game da ƙwan kaza?
3. Don me masanan da suka daɗe ba su ga ƙwayoyi a naman dabba ba?
4. Wace dabba ce Shuwan ya tuna da ita sa'ad da yake hira da Shilaidin?
5. Wane kuskure ya yi, kuma su wa suka gyara?
6. Faɗi abu uku da ƙwayar tsiro da ta dabba suka yi tarayya a kai.
7. An ba ka gilashi, ka ga ƙwayoyi masu bango amma babu kore. Na dabba ne ko na tsiro? Kawo dalili.

Aiki

Raba shafin littafinka biyu. A dama ka zana ƙwayar albasa, a hagu ka zana ƙwayar kumatu, yadda ka gan su. Rubuta sunan kowane sashe da Hausa da faransanci. A ƙarƙashin zanen ka rubuta kwanan wata, da ko sau nawa madubin ya ƙara girman.